Gugan gidan Yaya Hassi

Ina da shekara tara aka aiko daga Amarawa cewa yayata Hassi ta rasu. Mijinta ya ce santsi ya kwashe ta a bakin rijiyar gida tana jan ruwa, kanta ya bugu.

Muka tafi gidan mijin ni da Innarmu. Da la'asar, bayan an kai ta, Inna ta ja hannuna muka zaga bayan ɗaki inda rijiyar take. Ta shafa ƙasar bakin rijiyar, sannan ta sauko da gugan da ke rataye.

"Leƙa. Mi kika gani?"

Na ce, "Yanar gizo ce, Inna."

Ta daɗe tana kallonsa. "An yi wata ba a ja ruwa da gugan ga ba."

Ta naɗe shi a mayafinta, ta ce sai gaban 'yan sanda a Illela. A mota ne ta yi kuka, tana cewa, "Sau uku tana zuwa da fuska kumbure, ni ke ce mata ta yi haƙuri ta koma."

Yau ɗiyata tana gidan miji. Idan ta ce min lafiya lau a waya, sai na je na gan ta da idona.