Maƙerin Zobba da Fararen Duwatsu

Tunda ka ce abin da ka ɗauka kaɗan ne, ba wanda zai ji a jikinsa, gyara zama ka ji abin da ya sami wani maƙerin azurfa.

Mutumin nan zobba yake ƙerawa, idonsa kuwa ba ya wuce dutse mai ƙyalli. Wata shekara ya bi ayarin fatake zuwa arewa. Da suka yi nisa cikin hamada suka sauka a bakin wani ƙaton rami, zagayayye kamar ƙwarya, wanda gari guda zai zauna a cikinsa. Can ƙasansa akwai idon ruwa. Hanyar sauka ɗaya ce tak, tana murɗawa ta cikin tsagogin duwatsu, kuma tun kaka da kakanni matafiya suka yi mata alama: a kowace kwana akwai ɗan tarin baƙaƙen duwatsu da farin dutse ɗaya a kansa. Farin nan shi ake hange, don baƙin tari a cikin baƙin dutse ba ya ganuwa. Madugu ya faɗa wa kowa haka da yammar da aka sauka ɗiban ruwa, maƙeri kuma ya ji da kunnensa. Washegari da sassafe ya koma shi kaɗai, wai zai ba idonsa abinci. Ya kuwa ƙoshi. Bangon ramin hawa-hawa ne, ja da baƙi da ruwan ɗorawa. Ga aduwa ta fasa dutse ta fito, ga damo a kwance yana shan hantsi, ga barewa biyu a bakin ruwa sun ɗaga kai suna kallonsa. A hanyar hawowa ya ɗauki farin dutsen farko, ya juya shi a rana, nan take ya ga zobe a yatsan attajiri. Ya ce a ransa, ai tarin yana nan, ɗaya bai rage komai ba. Haka ya ce a tari na gaba, da na gabansa, har zabirarsa ta yi nauyi.

To, a ayarin akwai wani tsoho mai fataucin dabino, wanda tun farkon tafiya yake ce wa maƙerin ɗana. Salkarsa ta tsiyaye, don haka ya saɓa ta zai sauka, suka yi kiciɓis da maƙeri a bakin ramin. Maƙeri ya ce, "Baba, kai kaɗai?" Tsoho ya yi dariya ya ce, "Ido ya yi rauni, ɗana, amma farin dutse ina ganinsa." Maƙeri ya buɗe baki, kunya ta rufe masa shi, abin da ya iya fitarwa kawai shi ne a dawo lafiya. Azahar ta yi ba tsoho. Maƙeri yana zaune a inuwar kaya, ya san dalili sarai, amma kowane jinkiri ƙara wa maganar nauyi yake yi. Da la'asar maza suka sauka nema, suka tarar an cire wa kowane tari kansa. Sai dab da faɗuwar rana aka ga tsohon a wata tsaga da ba ta ɓullewa, ƙafa a karye, leɓe ya tsage don ƙishi. Da aka hawo da shi, wani ya jawo zabira mafi kusa don a tallafe masa kai, ashe ta maƙeri ce. Bakinta ya kwance, fararen duwatsu suka zubo a gaban kowa.

Ba wanda ya zagi maƙeri, kuma da zagin aka yi da ya fi masa sauƙi. Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Da tsoho ya sha ruwa ya dawo hayyacinsa, ya dubi duwatsun, ya dubi mai su, ya ce, "Da ka tambaye ni, ɗana, ai da na nuna maka inda irinsu suke zube, ba mai so." Da gari ya waye maƙeri ya sauka yana mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ayari duka na tsaye a bakin rami ana kallonsa. Duwatsu sun koma mazauninsu, amma ƙafar tsoho ba ta koma ba, daga wannan tafiya bai sake fatauci ba. Shi kuwa maƙeri, har aka isa gida a ƙarshen ayari yake tafiya, kansa a ƙasa, bai ƙara iya haɗa ido da kowa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, son zuciya ɓacin zuciya.