Fitila a Bakin Rijiya

Yana sunsuna ruwan da aka ɗebo daga rijiyar gidansu, gabansa ya yanke ya faɗi. Warin fetur ne.

Wata uku ke nan da ofis ya tura shi gwada bututun gidan man da ke bayan katangarsu a Gumel, a ga ko yana yoyo. Mai wurin ya ce, "Haba ɗana, ni zan yi maka ƙarya?" Kunya ta hana shi gwadawa, ya sa hannu a takarda.

"Na kira mai yasar rijiya," in ji mahaifinsa. "Zai duba iskar ciki kafin ya sauka."

Ya waiwaya wajen rijiyar. Tsohon mai yasar yana zura fitila mai ci da wuta a igiya, 'ya'yan injiniyan biyu sun sunkuya suna leƙe.