Tsuntsun da Ya Shiga Rami

Muna cirar gyaɗa a gonarmu ta bakin rafi a Durun, bayan la'asar, sai na ga wani tsuntsu kore shar, mai jan maƙogwaro, ya kutsa cikin wani rami a jikin gaɓar rafin. Na sheƙa da gudu na gaya wa Baba.

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Tsuntsu a rami? Gafiya dai ka gani."

Na yi ta rantsuwa ina jan rigarsa, har ya ajiye fartanya ya biyo ni. Muka tsugunna muka zura wa ramin ido. Shiru kake ji. Can Baba ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya ce, "Ga hadari yana haɗowa, ga gyaɗa a shanye, kai kuma ka zaunar da ni gadin rami."

Yana juya baya sai ga tsuntsun ya fito fir. Na ƙwalla ihu, "Baba, ga shi nan!"

Ya ce, "Na ji," ya ci gaba da tafiyarsa.

Yau furfurata ta fi tasa ta wancan lokaci, amma haushin bai sake ni ba. Har Allah Ya karɓi abinsa, a wurin Baba gafiya na gani.