Baƙon Shafin Aji Shida

Malama Rauda ta gaji aji shida ne har da shafinsa na intanet. Malamin da ta maye gurbinsa, ranar da zai bar Birnin Kebbi, ya ba ta lambar sirri a tsaitsaye. Ya ce duk abin da ya taɓa ɗauka yana ciki, bai rage ko ɗaya a wayarsa ba. Bidiyon yara ne jibge: karatu, muhawara, wasan kwaikwayo, kuma duk mai waya a duniya yana iya kallo.

Abin bai dame ta ba sai da aka yi wa malamai bita. Mai bitar ya nuna musu yadda mugu ke tsintar hoton yaro, ya gane makarantarsu daga kayan jikinsa, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi. Rauda na da 'ya'ya mata biyu. Da ta fito, tun a cikin keke ta buɗe shafin tana bin masu sharhi ɗaya bayan ɗaya.

Nan ta ci karo da shi. Atiku Mai Albasa, Argungu. Babu fuska, sai hoton buhuna.

Bidiyo ɗaya tak yake bibiya. Wata yarinya ce mai wushirya tana rera waƙar damina, ta manta baiti a tsakiya, ta toshe baki tana dariya. A ƙarƙashinsa saƙonninsa sun yi layi, kusan duk da sassafe. "Nazifa." "Yau ma mun ji ki." "Dariyar nan taki." Wata da watanni yana yi, babu wanda ya tanka masa.

Washegari ta tambayi aji wace ce Nazifa. Can wata ta ce, kanta a sunkuye, "'Yar ajin bara ce, Malama. Ba ta nan." Rauda ta gyaɗa kai. Yarinya ta gama ta wuce sakandare, ga wani ƙato yana bin ta da ido ba ta sani ba.

Da azahar saƙo ya shigo mata kai tsaye daga Atikun. "Malama don Allah yaya ake sauke wannan ya zauna cikin waya?"

Ta toshe shi, ta rufe shafin sai ga iyayen bana kaɗai, sannan ta bi tsofaffin bidiyon tana gogewa. Wayar ta gargaɗe ta cewa abin da aka goge ba ya dawowa. Abin da take so kenan, ta danna.

A taron malamai shugabar makaranta ta yaba mata, ta ce kowa ya yi koyi da ita.

Ranar Litinin maigadi ya leƙo aji, wai wani daga Argungu yana sallama da ita. Ta ce wa maigadin kada ya matsa daga kusa, ta gyara mayafi ta fita.

Dattijo ta tarar, siriri, ƙafafunsa duk ƙura, rigarsa na warin albasa. Ya rusuna ya gaishe ta, ya miƙo wata waya mai fasasshen gilashi da hannu biyu.

"Malama, ki duba mani. Tun Laraba ya ƙi buɗewa. Na kai wa mai gyara, ya ce ba daga wayar ba ne."

"Ba zai buɗe ba," in ji ta cikin fushi. "Ni na goge shi, kuma babu shi ko'ina. Ba ka ji kunya ba, da furfurarka? Me kake nema wajen 'yar mutane?"

Hannun da ke riƙe da wayar ya sauka a hankali.

"Ɗiyata ta, Malama. Tun da jirgi ya kife da ita a gulbi, uwatta ba ta iya sa komi a baki da safe sai na kunna mata wagga dariya."