Wayar da Ba Ɓera Ya Ci Ba

Mai gyaran ya ɗago wayar intanet daga bayan kujera, gabansa ya faɗi. Ta sake tsinkewa. Ogansa ya riga ya ce in layin gidan nan ya ƙara lalacewa, a bakin aikinsa.

Ya duba bakin wayar. Ɓera ba ya yanka sumul haka.

"Baba, wannan ai almakashi ne."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ni ne, ɗan nan. 'Yata ce ke kiran kamfaninku daga nesa. Tsohon ciki gare ta, likita ya hana a tayar mata da hankali. Kana gyarawa za ta kira ta bidiyo, ta ce in nuna mata mamanta."

Ya riƙo hannun mai gyaran.

"Makon jiya muka binne ta."