Barguna Uku da Randar Mama

Ina bitar fizis a gindin randarmu a Samaru, jarrabawa saura kwana biyu, zazzaɓin ƙanena Ishaya ya tsananta. Baba ya fita neman motar da za ta kai shi asibiti. Mama ta lulluɓe yaron da barguna uku cikin zafin la'asar, wai ya yi gumi ciwon ya fita. Idanunsa sun fara juyewa.

Darasin zafi ne buɗe a cinyata. A gefen shafin na rubuta maganar malaminmu yadda ya faɗe ta da Hausa: "Ruwa ba ya bushewa sai ya ɗebi zafin abin da ya taɓa. Shi ya sa randa take sanyi."

Na ce, "Mama, ki yaye masa bargunan nan, mu shafa masa ruwa."

Ta ce, "Littafinki ne ya haife shi?"

Na durƙusa na riƙe ƙafafunta. "Don Allah, Mama, taɓa randar nan ki ji. In ya mutu, ki ce ni ce."

Ta dube ni, ta dubi Ishaya. Sai ta yaye bargunan, ta kwance ɗankwalinta ta tsoma a ruwa. Tana shafa masa, ina yi masa fifita da littafin, har Baba ya iso.

Yau Ishaya magidanci ne. Amma har yanzu in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar randa, sai gabana ya faɗi. Ran ƙanena na ɗora a kan maganar da na haddace, alhali ban gama fahimtarta ba.