Takun Farko

"Tana tafiya! Zo ka gani!" matata ta ƙwala kira daga falo.

Na fito a guje, kumfar aski a haɓata. 'Yarmu ta saki kujera, ta yi taku uku, ta faɗa jikin uwarta. Na dafe ƙirji, har da matso ƙwalla.

Mahaifiyata, mai renonta idan mun tafi aiki, ta ajiye kofinta.

"Ku raba ni da wasan kwaikwayo. Ke kin gani ranar Litinin, kika ce kar in gaya masa, zai ji ba daɗi. Kai ma ka gani ranar Laraba, ka roƙe ni in yi shiru."

Muka kalli juna.

"Ni kuwa, tun wancan makon nake aikenta ta ɗauko min takalmina."